Injin 3500 da ma'aunin 600 LIZ a zafin Yamai: har ina za a yarda da tsawon da yake bayarwa

Tambayar da ta fi fitowa daga bakin ɗalibi ranar da ya fara buɗe sakamakonsa a kwamfuta ita ce: "Malam, na ƙirga haruffan guntun DNA ɗin nan a jerin da aka wallafa, 174 ne, ga shi injin ya rubuta 171.6. Injin ne ya lalace ko PCR ɗina?" Yawanci babu wanda ya lalace a cikinsu, ba injin ba, ba kuma PCR ba, wato dabarar yin kwafin guntun DNA da yawa. Haka awon yake, kuma wanda bai gane dalili ba tun farko zai ɓata faranti da yawa yana neman gyaran abin da bai ɓaci ba, ko kuma, abin da ya fi muni, ya haɗa sakamakon wata biyu daban-daban ya fitar da alel, wato nau'in guntu mai nasa tsawo, wanda babu shi a duniya.

Abin da muke dubawa a nan shi ne injin 3500 na Applied Biosystems mai bututu takwas, wanda ke auna tsawon guntayen DNA, haɗe da folimar POP-7, bututu masu tsawon santimita 50, da ma'aunin GeneScan 600 LIZ. Haɗi ne da ya dace da aikin mikrosatelit, wato wuraren DNA da ƴan haruffa ke maimaituwa, ko na ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ko na irin gero da dawa, ko na shanun Azawak. Wajen maimaita awo ɗaya ba tare da ya saɓa wa kansa ba, injin nan ya cancanci yabo ƙwarai. Wajen faɗin ainihin yawan haruffan da ke cikin guntun DNA kuwa, kada a dogara da shi shi kaɗai. A Yamai kuma babban rabo na ingancinsa yana hannun kilim ɗin ɗakin da aka ajiye shi.

Injin ba ya ƙirga haruffa, lokaci yake aunawa. Kowane bututu faɗin cikinsa mikromita 50 ne, kusan kaurin gashin kai, an cika shi da folima mai yauƙi. DNA tana ɗauke da cajin negatif, saboda haka da an saki kuran mai ƙarfi, kilovolt 15 zuwa 19.5 gwargwadon tsarin da aka zaɓa, sai ta kama hanya zuwa ɗaya bakin, ƙananan guntaye suna riga manya. Kusa da ƙarshe akwai ƴar taga inda hasken leza mai nanomita 505 ke bugawa. Launin da aka liƙa wa amors, wato ƴan gajerun DNA da ke fara kwafi a PCR, sai ya yi ƙyalli, kyamara ta rubuta lokacin da ya wuce. A cikin kowane rami na faranti an zuba ma'auni, guntayen da aka riga aka san tsawonsu, masu launin lemo. Manhaja sai ta yi lissafi: na 160 ya wuce a lokaci kaza, na 180 a lokaci kaza, naka ya ratsa tsakaninsu, to tsawonsa kaza ne. Duk lissafin ya rataya a kan zato guda, cewa guntunka yana tafiya daidai da yadda guntun ma'auni mai tsawonsa zai yi. Wannan zaton kusa yake da gaskiya, amma bai kai ta ba.

Wanda ya saba sayen gero a Katako ya san abin nan. Tiyar mai gero ɗaya ba ta saɓa wa kanta, ko sau goma ya auna abu ɗaya zai zuba maka. Ka ɗauki geron ka kai Wadata a sa wata tiya, sai ka ga ragi ko ƙari. Alkawarin da kamfanin ya rubuta irin na tiya ɗaya ne: watsuwar awo ƙasa da harafi 0.15 ga guntaye masu haruffa 50 zuwa 400, ƙasa da 0.30 daga nan zuwa 600. Daga nan ne masu binciken laifuka suka samo gurbinsu, wato iyakar lambobin da ake ɗauka a matsayin alel ɗaya, na rabin harafi kowane gefe, domin ninki uku na 0.15 ya kusa 0.5. Babu inda takardar ta ce 174 zai fito 174.

Dalilan ratar suna da yawa, kuma kowanne yana da nasa magani. Haruffan nan huɗu ba nauyinsu ɗaya ba, A da G sun fi C da T girma, don haka guntaye biyu masu tsawo ɗaya amma jeri daban ba sa isa taga tare. Tunda a cikin bututu igiyoyin DNA biyu a rabe suke, kuma mai launi kaɗai kyamara ke gani, idan ka sa launi a amors na gaba yau, gobe ka sa a na baya, PCR ɗaya zai ba ka lamba biyu. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, wadda kusan kashi 80 cikin ɗari na haruffanta A da T ne, ita ma takan nuna wannan hali. Shi kansa launin yana da nauyi da caji. A tsarin launuka na G5 akwai 6-FAM shuɗi, VIC kore, NED rawaya wanda allo ke nunawa da baƙi, da PET ja. Guntu ɗaya da aka yi wa FAM sannan aka yi masa PET, ratarsu takan kai harafi biyu, na PET ɗin ya fito kamar ya fi tsawo. Sau da yawa amors mai launi kan ƙare ana tsakiyar aiki, a yi odar sabo da wani launi don ya fi araha ko ya fi saurin zuwa. Wanda ya yi haka ya san ya canza tiya, dole ya sake gina gurabensa daga farko.

Sai kuma halin Taq, sinadarin da ke yin kwafi a PCR, na ƙara harafin A ɗaya a wutsiyar abin da ya kwafa. Da yana ƙarawa kowane lokaci, da babu damuwa. Matsalar ita ce wani lokaci rabin guntayen sun samu, rabi ba su samu ba, sai pik, wato tsinin da guntu ke yi a allo, ya fito da kai biyu, tazarar harafi ɗaya, manhaja ta zaɓi na hagu a wannan rami, na dama a wancan. A ƙara zaman ƙarshe na PCR a digiri 60 na minti 30 zuwa 45 don duka su samu. Idan hakan bai isa ba, a sa wutsiyar GTTTCTT a farkon amors marar launi, amma a tuna ta ƙara haruffa bakwai. Masu amfani da dabarar wutsiyar M13 don rage kuɗin amors mai launi su ma su tuna sun ƙara 18. Kafin a zargi injin, a zauna da biro a yi wannan lissafi: guntu 174, ƙari 18, ƙari A ɗaya, 193 ake jira, ba 174 ba. Ragowar ratar harafi ɗaya, biyu ko uku da ta saura bayan haka, ita ce ta jeri da launi, kuma ba ta da illa muddin ba ta motsi.

A kan ma'auni muna da ra'ayi mai ƙarfi: wanda zai fara sabon aiki ya sayi 600 LIZ, ya bar 500 LIZ. Na 500 yana da guntaye 16 kacal: 35, 50, 75, 100, 139, 150, 160, 200, 250, 300, 340, 350, 400, 450, 490, 500. Na 250 ɗin sananne ne da rashin tafiya daidai, yakan bayyana wajen 246 kuma yana motsi da zafin ɗaki, shi ya sa ake cire shi daga lissafi. Da an cire shi, daga 200 zuwa 300 babu madogara ko ɗaya, kuma a wannan fili ne alel masu yawa ke faɗowa. Na 340 ma da yawa suna cire shi. Na 35 da 50 kuwa sukan nutse cikin tarin amors da ba su shiga PCR ba, wanda ke fitowa a farkon gudu kamar bango. Na 600 yana da guntaye 36, daga 20 zuwa 600, tazararsu ba ta wuce 20 ba, da wasu na musamman a 114, 214, 250, 314, 414 da 514 waɗanda ke karya daidaiton jerin don manhaja da idon mutum su gane inda suke. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne idan aka san yadda lissafin Local Southern yake. Dabarar, wadda ta samo asali daga aikin Edwin Southern na 1979, tana ɗaukar guntayen ma'auni huɗu mafi kusa, biyu a ƙasa biyu a sama, ta yi lissafi biyu da uku-uku, ta raba tsakani. Iya kusancin madogaran, iya ƙarancin kuskure. Kuma idan babu biyu a ƙasa ko biyu a sama, lambar da za ta fito ba abin riƙewa ba ce. Masu auna glurp, wani yankin DNA na ƙwayar zazzaɓi wanda guntayensa ke haura 600, 1200 LIZ ne nasu.

Wanda yake da tsohon aiki a kan 500 LIZ kada ya canza a tsakiya. Ya gama da shi, kuma ya mayar da aibin 250 ɗin amfani: ya cire shi daga lissafi, amma ya duba tsawon da manhaja ta ba shi a duk ramukan faranti. Idan mafi ƙanƙanta da mafi girma ba su rabu da fiye da harafi ɗaya ba, gudun ya yi kyau. Idan sun wuce haka, zafi ya yi wasa da farantin.

Manhajar GeneMapper tana ba kowane rami maki na ingancin ma'auni, daga 0.75 zuwa sama kore ne, ƙasa da 0.25 ja ne. Koren ba ya hana a duba da ido. Pik ɗaya na ƙarya a launin lemo, daga ƙura ko daga launin da ya tsallako, ya isa ya sa manhaja ta kira 120 da sunan 114, duk abin da ke kusa ya goce. A buɗe hoton ma'aunin kowace zuƙa, wato layin ramukan da injin ya zuƙa lokaci ɗaya, a jera su a kan juna, a ga ko sun hau kan juna daidai. Minti goma ne, kuma shi ne minti goman da suka fi kowane amfani a ranar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen mayar da lamba mai ɗigo zuwa sunan alel. Kada a bar Excel ta cike lamba zuwa mafi kusa. A ce alel ɗaya yana zama a 153.5. Wannan rami ya ba da 153.4, wancan 153.6. An cike, sun zama 153 da 154, alel ɗaya ya haifi biyu. Ban da haka, maimaicin haruffa uku ba lallai ya ba da tazarar 3.00 a injin ba, yana iya zama 2.9. A maimaici biyu ba a gani, amma bayan goma sha biyar an tara harafi ɗaya da rabi, guraben da aka jera uku-uku sun bar pik ɗin a waje. Abin yi shi ne a fitar da ɗanyun lambobi da ɗigo biyu, na kowane wuri daban, a jera su daga ƙarami zuwa babba, a zana. Matakala za ta fito, kowace taka alel ɗaya. Idan takun sun fito sarai da gefe a tsaye, awon ya yi. Idan sun zama gangara, akwai faranti da ya goce, a nemo shi. Manhajojin TANDEM, FlexiBin da MsatAllele suna yin wannan aiki kyauta, amma zanen matakalar ya kamata kowa ya gani da idonsa.

Haɗa faranti ba shi da wuya, sai dai ba ya yafe ganganci. A kowane rami mikrolita 9 na formamid Hi-Di, wato ruwan da ke raba igiyoyin DNA, rabin mikrolita ko ƙasa da haka na ma'auni, da mikrolita ɗaya na PCR da aka sirka da ruwa mai tsabta. A gauraya formamid da ma'auni a tulu ɗaya na duk farantin sannan a raba, domin babu pipet da ke ɗaukar rabin mikrolita sau 96 daidai. Sirkin ya danganta da ƙarfin PCR, a gwada ɗaya cikin 10, cikin 50 da cikin 100 a ƴan samfura kafin a cika faranti. Mutane kan yi mamaki idan sirki ya ƙara tsawon pik maimakon ya rage. Dalili shi ne kuran ne ke zuƙo samfur cikin bututu, kuma gishirin da ke cikin PCR ya fi DNA saurin shiga, yana tare mata hanya. An sirka, gishiri ya ragu, DNA ta samu wuri. Bayan an rufe da murfin roba na injin, a juya farantin a santirifuj minti ɗaya, a ɗaga shi sama a leƙa gindin kowane rami. Kumfa ɗaya a gindi na nufin bakin bututu zai zuƙi iska. Digiri 95 na minti uku, sannan kai tsaye kan ƙanƙara minti uku. Injin yana ɗaukar layi guda ne, ramuka takwas daga A zuwa H, saboda haka duk ramin da babu samfur a layin da za a zuƙa, a zuba masa formamid mikrolita 10. Bututun da ya sha kuran a busasshen rami ba ya daɗewa.

Tsawon pik da ake so a 3500 daga RFU 175 ne zuwa wajen 10,000 (RFU awon ƙarfin ƙyalli ne), kyamara tana cika a wajen 30,000. Wanda ya saba da tsohon injin 3130, inda ake cika tun wajen 7,500, ya gyara idonsa. Pik da ya cika kyamara kansa yakan yi faɗi ko ya tsage, manhaja ta rasa tsakiyarsa, awo ya goce da ƴan ɗigo. Sannan launinsa ya tsallaka cikin maƙwabci: ƙarƙashin babban shuɗi sai ka ga ɗan kore a wuri ɗaya tak. Ba alel ba ne. Idan tsallaken yana faruwa ko da pik bai cika ba, lokacin sake daidaita launuka ya yi, kuma dole ne a yi shi duk lokacin da aka sa sabbin bututu.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar mu a nan. Tandar injin tana riƙe bututu a digiri 60, amma ba duk tsawon bututun ne a cikinta ba. Bakin da ke shiga faranti da tampon, wato ruwan gishirin da ke ɗaukar kuran, a waje yake, yana jin iskar ɗaki. Kamfanin ya ce ɗaki ya kasance tsakanin digiri 15 da 30, kada ya motsa fiye da digiri biyu ana cikin gudu, laima kuma tsakanin kashi 20 da 80. Zuƙa ɗaya tana cin wajen minti 40, faranti mai rami 96 zuƙa 12 ne a mai bututu takwas, wato wajen awa takwas. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke haura digiri 40 da rana, awa takwas ba tare da ɗaki ya motsa ba abu ne da sai an shirya masa. Abin da ke faruwa shi ne, kuran ya ɗauke, ondila ta riƙe injin da kwamfuta, gudu ya ci gaba kamar ba komai, amma kilim ta tsaya. Kafin gurup ya tashi, ko idan ba a haɗa kilim a kansa ba, ɗaki ya hau. Folima ta saki, guntaye suka ƙara sauri. Ma'aunin da ke cikin ramin yana rufe mafi yawan wannan canji, don shi ma ya ƙara sauri, amma ba daidai da guntunka ba, tunda jerinsu daban. Sakamakon shi ne alel ɗin da ya zauna a 212.3 a zuƙa ta biyu ya koma 212.9 a ta tara. A mikrosatelit mai maimaicin haruffa huɗu wannan ba ya kashe aiki. A mai biyu, ko inda alel ke rabe da harafi ɗaya, ya kashe.

Don haka kilim ta kasance a layin gurup tun ranar da za a girka injin, ba daga baya ba. Kada iskarta ta bugi injin kai tsaye, domin kunnawa da kashewarta ma motsin zafi ne. A rataya ɗan na'urar da ke rubuta zafi kowane minti biyar a gefen injin, a adana rubutun tare da fayilolin ranar. A kunna tanda minti 30 kafin zuƙar farko. A bazara ya fi kyau a fara faranti bayan la'asar ya kwana yana gudu, da a fara da hantsi ya ratsa tsakar rana. Lokacin hunturu kuma matsalar ta juya: laima takan faɗi ƙasa da kashi 20, ɗigon folima ya bushe ya zama farin gari a bakin bututu da wajen famfo, ƙura ta shiga duk inda aka bari a buɗe. Ƙwayar ƙura da ta ratsa taga takan ba da siririn tsini a dukkan launuka lokaci ɗaya, da haka ake gane ta. A goge busasshiyar folima da tsumma marar gashi da ruwa mai tsabta, a rufe tagogin ɗaki da gaske.

Kayan da ke ƙarewa su ne ainihin tsadar injin nan, kuma a nan ne ba mu gamsu da shi sosai ba. Jakar folima, tampon na anod da na katod, da bututun kansu, duk suna ɗauke da alamar da injin ke karantawa yana ƙirga kwanaki da zuƙa. POP-7 tana zama kwana 14 a kan injin idan ɗaki bai wuce digiri 25 ba, idan ya wuce kwana bakwai ne. Bututu an lamunce su zuwa zuƙa 160. Labo da ke gudanar da faranti ɗaya a mako biyu, idan ya ɗora jakar samfur 384, kashi uku cikin huɗu zai zubar. A tara aiki, a haɗa kai da wasu sassa, a buɗe jaka lokacin da faranti huɗu ke jira. Folima tana son digiri 2 zuwa 8, formamid yana son daskarewa a wajen digiri 20 ƙasa da sifili, kuma kayan da suka kwana biyu a ɗakin ajiyar filin jirgi ana jiran takardun duwan ba lallai su iso da sanyinsu ba. A buɗe kwalin a gaban mai kawowa, a taɓa ƙanƙarar. Formamid da ya sha zafi ko aka narkar aka daskarar sau da yawa yana rushewa ya zama asid, pik su gajarce su yi faɗi. A raba shi ƙananan tuluna tun ranar farko, kowanne na faranti ɗaya. Folima kuwa a fito da ita daga firigo ta huce zuwa zafin ɗaki, a duba babu ƙanƙarar ure a wuyan jakar kafin a ɗora, sannan a leƙa hanyoyin famfo a kore kumfa.

Aikin gwajin ingancin maganin zazzaɓi ya nuna dalilin duk wannan tsanani. An ba yaro artemether-lumefantrine, an bi shi kwana 28, a rana ta 21 ƙwayar ta dawo. Tsohuwar ce magani bai kashe ba, ko sabon sauro ne ya cije shi? A damina, daga Yuli zuwa Oktoba, duka biyun na iya faruwa. Ana kwatanta ɗigon jinin ranar farko da na ranar dawowa a yankunan DNA na ƙwayar da ake kira msp1 da msp2, da mikrosatelit ɗaya, Poly-α ko PfPK2 ko TA1, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2021 ga Afirka a madadin glurp. Alel ya yi daidai, a ɗora wa magani laifi. Bai yi ba, a ce sabon kamu ne. Gocewar rabin harafi a nan tana iya juya hukunci a kan maganin da ake ba yara a duk ƙasa. Saboda haka samfuran yaro ɗaya su zauna a layi ɗaya na faranti, su shiga zuƙa ɗaya, da launi ɗaya. A kowane faranti a sa 3D7, ƙwayar zazzaɓi ta labo wadda aka gama karanta jerinta tun 2002 kuma ana iya ƙirga ainihin tsawon guntunta, da wata kamar Dd2 ko HB3, ɗaya a layin farko ɗaya a na ƙarshe. Su ne ke faɗa maka ratar da ke tsakanin lambar injin da gaskiya, da ko ratar ta motsa cikin dare. A kula kuma da pik ɗin in'ina, ɗan ƙaramin da ke gaban babba da tazarar maimaici ɗaya, wanda Taq ke haifarwa idan ya zame. Jinin yaro ɗaya yakan ɗauki iri biyu ko uku na ƙwayar, kuma in'ina tana kama da iri na biyu mai rauni. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada a ƙirga ƙaramin pik sai ya kai kashi ɗaya cikin uku na babban.

Masu gero su kula da wani abu. HKP da sauran irin da manoma ke shukawa ba tsatso ɗaya ba ne, gero yana barbara da maƙwabtansa, tsiro biyu daga buhu ɗaya alel ɗinsu daban. "HKP" ba ya zama samfurin kwatance. A ciro DNA mai yawa daga tsiro ɗaya tak, ko daga tsatson da aka tsarkake, a raba tuluna, a daskarar, shi za a riƙa sawa a kowane faranti har ƙarshen aiki. Haka ma ga albasar Galmi.

Idan aka jera shi da abin da ke kusa da shi, ƙarfin 3500 shi ne raba harafi ɗaya. Jel ɗin agaros ba ya raba guntayen da ke kusa da juna da ƴan haruffa. Injin QIAxcel da katun ɗinsa mai kaifi yana raba haruffa uku zuwa biyar, ya isa ga wasu ayyukan tantance iri, bai isa ga maimaicin haruffa biyu ba. Injin Bioanalyzer da kit ɗin DNA 1000 kuskurensa na tsawo ya kai kashi 10 cikin ɗari, aikinsa daban ne. Ga labo mai ƙaramin aiki SeqStudio ya fi dacewa, bututu huɗu ne, folima da bututu duk a katun ɗaya da ke yin watanni a kan injin, sai dai folimarsa POP-1 ce, bututunsa santimita 28, don haka gurabensa ba za su hau kan na 3500 ba. Shi 3500 na wanda ke da faranti uku ko huɗu a mako ne, da gurup mai ɗaukar kilim, da mutum ɗaya da aka ɗora wa wankin famfo duk mako.

Wanda bai kai haka ba ya aika farantinsa waje, babu aibi a ciki. Ya busar da PCR ɗin, ya liƙe farantin da kyau, ya naɗe shi da takardar alminiyom don haske na cin launi. Ya tambayi masu karɓa wane inji, wace folima, wane tsawon bututu, wane ma'auni, ya rubuta, ya sake tambaya a kowane aike, domin suna iya canzawa ba su faɗa ba. Samfuran kwatancensa su kasance a cikin kowane faranti da ya aika. Kuma kada ya karɓi tebur na lambobi kawai, ya nemi ɗanyun fayilolin .fsa, ya buɗe su da Peak Scanner ko OSIRIS, waɗanda kyauta ne, ya fara da duba launin lemo kafin ya kalli alel ko ɗaya.